Katakon da Yaya Ya Kwashe

Lokacin da mijina ya rasu, gidanmu na unguwar Romi bango ne da rufin kwano, shi ke nan. Ba silin, ba ƙofofin ciki, babban ɗakin baya kuwa da muka ce za mu raba biyu saboda 'yan matanmu yana nan a wangale kamar sito. Shi makaniken manyan motoci ne a Rido, inda tankoki ke jeruwa suna jiran lodin mai. Ni malamar firamare ce. Muna haya a Sabon Tasha, ɗaki da falo, muna gina namu a hankali.

Duk Asabar ɗin da ya samu sarari sai ya sayi katako kaɗan, ya ɗaure a babur ya kai Romi. Ya fi shekara biyu yana tarawa. Kowanne sai ya shafe shi da baƙin mai na gareji saboda gara, ya jera a kan bulo don kada ya sha danshin ƙasa, sannan ya ɗiga jan fenti a bakinsa: ɗigo ɗaya na falo, biyu na ɗakinmu, uku na ɗakin yara. Nakan tsokane shi in ce ko awaki ne da yake yi musu shaida. Sai ya yi dariya ya ce ranar da za a buga, ba ya son kafinta ya yi masa ruɗani.

Ciwon kwana huɗu ya yi. Muka kai shi ƙauyensu muka binne, na zauna can mako uku. Da na dawo, washegari na tafi Romi, don kawai in tsaya a inda ya saba tsayawa. Na buɗe ɗakin baya na tarar da bulo a jere, ba komai a kai sai guntaye biyu da suka faɗa bayan bango.

Maƙwabciyarmu ce ta faɗa mini. Ta ce kwana biyu bayan jana'iza yayan mijina ya zo da a-kori-kura, ya buɗe da makulli, ya kwashe. Ta ɗauka da sanina ne.

Wannan yayan nasa, cikinsu ɗaya, kafinta ne babba a Sabon Tasha, kuma dattijo ne a cocinmu. Yaya nake ce masa, shi kuma "matarmu" yake ce mini tun ranar da aka kawo ni danginsu. Na je na same shi a shagonsa. Ya ce in kwantar da hankalina, ya ɗauke ne saboda ɓarayi, yana nan a ajiye. Na yi masa godiya. Har yau idan na tuna cewa na durƙusa na gode masa, sai in ji haushin kaina.

Bayan wata biyu na kai wa matarsa gaisuwa don ba ta da lafiya. Ina shiga na tarar an fitar da kujerun falo tsakar gida, Yaya yana kan tsani da ƙusoshi a baki. Silin yake bugawa. Ya gama jera katakon, ya rufe rabi. Na ɗaga kai. Baƙin man nan na gane tukuna, har warinsa. Sai na ga ɗigon ja, ɗaya a nan, uku a can, an cakuɗa su yadda aka ga dama.

Na ce, "Yaya, wannan ai katakon gidanmu ne."

Ya zare ƙusoshin daga bakinsa, bai sauko ba. Ya ce, "Katakon ƙanena ne. Ni da shi nono ɗaya muka sha. Ke da akwatin kaya kika zo mana, ban ga katako a ciki ba."

Na ce, "Na yaransa ne. Ga na ɗakinsu nan, mai ɗigo uku."

Ya ce, "Matarmu, ki ji shawara. Mace ke kaɗai da 'yan mata biyu, me za ki yi da gida a Romi? Su aure za su yi, ke ma wa ya sani. Ki kawo takardar filin a ajiye a hannun dangi. Idan kin ƙi, kango zai zama, ina nan za ki zo ki same ni."

Ya mayar da ƙusoshin bakinsa ya ci gaba da bugu. Na shiga na gaida matarsa, ta kasa kallon idona. Na fito na wuce ta ƙarƙashin tsanin. A hanya ban yi kuka ba. Na yi ta tafiya a ƙafa har na wuce inda ake hawa mota ban sani ba, kuma kafin in isa gida na riga na yanke cewa sai na shiga gidan nan, kuma sai Yaya ya ji a jikinsa. Yadda zan yi ban sani ba tukuna.

Na nemi kafinta. Na farko ya zo ya auna, ya ce zai dawo Litinin, bai dawo ba. Na biyu ya fi shi gaskiya. Ya ce, "Madam, ki yi haƙuri. Ogana ne, a hannunsa na koya. Ya ce maganar gidan nan ta dangi ce, kada kowa ya sa hannu." Na gane an zagaye ni. Zan iya ɗauko wani daga Kakuri ko daga cikin gari, amma a ranar wani abu ya taso mini. Na ce ko na samu ma ba na so.

Mahaifina kafinta ne a Kakuri tun zamanin da masaƙu ke aiki. Ni ce babbar 'yarsa, kuma har na shiga sakandare ni ke riƙe masa bakin tef ɗin awo. Da ya rasu, kayan aikinsa a wurina suka tsaya, cikin wani tsohon buhu ƙarƙashin gado: zarto, guduma mai cire ƙusa, ƙarfen kwana, da igiyar layi. Na zazzage su a ƙasa. Zarton ya yi tsatsa. Na kai aka wasa shi.

Na bar gidan haya muka tare a Romi yadda gidan yake, a tsakiyar bazara. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin kwano tsirara ba ba zai gane ba. Da ƙarfe goma sha ɗaya na safe ɗaki ya zama tanda. Man shafawa ya narke a kwalba. Ƙadangaru suna tsere a kan katakon rufi suna zubo mana kashi a tuwo. Ƙaramar 'yata ta yi ƙuraje har a fatar kai. Duk lokacin da nake shafa mata hoda, falon Yaya nake gani, da sanyinsa, da fankar da ya rataya a jikin katakon ubanta.

Mai katakon da mijina ke saya a wurinsa wani dattijon Ibo ne da ya tsufa a Sabon Tasha, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Da na gaya masa ni zan buga da kaina, ya dube ni ya daɗe, bai yi dariya ba. Ya ɗauko katako guda, tu-bai-tu mai kaurin inci biyu-biyu, ya sa ƙarshensa a idona kamar bindiga.

Ya ce, "Kalli tsawonsa. Kin ga ya yi ciki? Wannan ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Ɗaga wannan kuma. Ya yi nauyi ko? Ɗanye ne, zai bushe a samanki ya murɗe. Madam, ki zaɓa da kanki, ko yarana sun yi fushi."

Haka na riƙa yi. Duk ƙarshen wata in je in zaɓi abin da ya sawwaƙa, in sa a keke mai ƙafa uku, katakon ya leƙo ta baya da jan tsumma a ɗaure. Abokan aikin mijina na Rido suka aiko mini da jarkar baƙin mai ba tare da na roƙa ba.

Ƙanwata tana soya doya da ƙosai a bakin titin Romi. Ita ce hannuna na biyu. Takan tashi daga kasko da hantsi ta zo, zaninta na warin mai. Abu na farko shi ne fitar da layi a bango, don silin ya kwanta daidai ko'ina. Na tuna yadda mahaifina ke yi da siririn tiyo wanda ake ganin ruwa a cikinsa. Muka cika shi, ta riƙe baki ɗaya a wannan kusurwa, na riƙe ɗaya a waccan, inda ruwa ya tsaya mu yi alama da gawayi.

Takan ce, "Anti, ruwan nan rawa yake yi."

In ce, "Hannunki ne ke rawa. Manna shi da bango."

Daga ɗakinmu muka fara. Na buga katako zagaye da bango da ƙusar kankare, wadda idan ka kuskure ta sai ta yi tsalle ta wuce kunnenka tana ƙara. Na jera dogaye daga bango zuwa bango, na yanka gajeru na cusa a tsakani, ƙafa biyu-biyu, har sama ta zama gida-gida kamar dara. Mako uku ina yi, bayan an tashi makaranta da kuma Asabar. Farcen babban yatsana na hagu ya yi baƙi ya fita. Tafin hannuna ya yi ƙulli ya fashe, har alli ba na iya riƙewa sosai a aji. Wata rana benci ya goce da ni na faɗo a kan kwatangwalo, na kwanta a ƙasa ina kallon kwano, na ce idan na tashi na daina. Da na tashi sai na tuna muryar Yaya yana cewa ina nan za ki zo ki same ni. Na gyara bencin na hau.

Labari ya kai masa. Wata Asabar da rana tsaka sai ga shi ba sallama, hannuwa a baya. Ya shiga ɗakin ya ɗaga kai, ya zagaya. Ya sa hannu ya kama katakon tsakiya ya ja ƙasa, duk abin ya yi lilo.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Matarmu, wannan silin ne ko shanyar kaya? Ko rataye shi ba ki yi ba. Ba abin da ya ɗaure shi da katakon rufi. Kina sa masa nauyi zai yi ciki, kafin damina ta ƙare ya sauko muku a ka. Ki bar wasa da ran yara. Ki kawo takardar nan, in turo a yi miki aiki."

Ƙanwata ta buɗe baki, na taka mata ƙafa. Na ce, "Na ji, Yaya. A gaida gida."

Yana fita na hau benci na duba. Gaskiyarsa ce. Na manta da gajerun katakon da ake saukowa da su daga rufi su riƙe na silin ta tsakiya. Mahaifina yana yi, ni ce ban lura ba don a ƙasa nake tsayawa. A ranar na yanka su na buga, kowane layi uku. Na kama katakon tsakiya na ɗaga ƙafafuna na yi lilo da dukan nauyina, ko motsi bai yi ba. Ya zo ya ci mini fuska, ya tafi ya bar mini abin da ya rage ban sani ba. Na ji daɗin wannan ƙwarai.

Silin roba na sa, irin dogayen nan da ke shiga bakin juna. Na farko ne mai wuya. Idan ya karkace, duk sauran sun karkace. Sau biyu ina cire layi shida in sake, don na ga ya kauce da faɗin yatsa, kuma na san idon da zai zo ya nemi wannan yatsan. Ranar da muka rufe ɗakin, muka shimfiɗa tabarma mu huɗu muka kwanta da azahar, abin da ba mu taɓa iyawa ba. Ƙaramar ta yi barci nan take.

Daga nan hannuna ya faɗa. Na raba ɗakin baya: katako ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, na tsayar da katakon tu-bai-tiri, mai inci biyu da uku, a tsakaninsu, na bar gurbin ƙofa, na rufe gaba da baya da falankin filawud. Kowace yarinya ta samu ɗakinta, suka yi faɗa a kan mai taga biyu. Falo na bari ƙarshe don shi ne babba, kuma shi baƙo ke gani. Na yi masa wata biyu. Gaba ɗaya aikin ya ci shekara da 'yan watanni.

Duk wannan lokacin ban sauya coci ba, ko da yake akwai wata kusa da mu a Romi. Kowace Lahadi sai in shiga mota in tafi Sabon Tasha, in zauna a layin matan zumunta, ƙungiyarmu ta matan coci, daidai inda zan riƙa ganin ƙeyar Yaya a kujerun dattawa. Ina gaishe shi har ƙasa. Mutane suna cewa ga mace mai haƙuri. Jira nake yi.

Abin da nake jira ya zo wata Lahadi bayan sujada. Aka tsayar da mu taro a kan ɗakin da yara ke karatun Lahadi, wanda aka rufa aka bari ba silin. Sakatare ya ce kamar kullum, dattijonmu kafinta zai duba aikin. Na ɗaga hannu. Na ce idan ikilisiya ta sayi kaya, ni da matan zumunta za mu buga, ba sai an biya aikin hannu ba.

Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Yaya ya miƙe a hankali ya ce, "Matar ƙanena ce, ina yaba ƙoƙarinta. Amma inda yara za su zauna ba wurin koyon aiki ba ne."

Na ce, "Gaskiya Yaya ya faɗa. Don haka kada a yarda da bakina. Dattawa su je su duba silin gidana, su duba na falonsa, ciki da waje. Wanda ya fi, a ba shi."

Kalmar nan "ciki" na yi wata da watanni ina juya ta a raina. Shi bai ji ta ba. Ya ce ya yarda, har yana murmushi.

Ranar Laraba da yamma fasto da dattawa uku suka zo Romi. Ɗaya daga cikinsu tsohon mai gyaran wuta ne, shi ya hau tebur ya tura kai ta 'yar ƙofar da ake bari a silin, ya haska da fitilar waya. Ya daɗe. Ya sauko yana karkaɗe hula ya ce, "Wa ya rataye miki wannan?" Na ce ni. Ya ce to. Kafin mu fita na ɗauki guntayen nan biyu da suka rage a ɗakin baya na sa a jaka.

A falon Yaya tun daga ƙofa ana ganin silin ya ɗan yi ciki wajen fanka. Silin kwali ya sa, kuma ya ware katakon da nisa don ya rage wani ya kai wani aikin. Ya fara bayani cewa ruwa ne ya taɓa zuba. Dattijon ya hau tebur. Sai da kansa ya shige na yi magana, da ƙarfi yadda na tsakar gida ma za su ji.

Na ce, "Baba, ka haska bakin katakon. Za ka ga baƙin mai, za ka ga jan fenti. Wani ɗigo ɗaya, wani biyu, wani uku."

Daga cikin silin muryarsa ta fito: "Akwai."

Na ciro guntayen na ajiye a kan tebur kusa da ƙafarsa. Fasto ya ɗauki ɗaya ya juya. Shi ya zo ya yi mana addu'a ranar da aka gama rufi, kuma mijina ya ja shi har ɗakin baya ya nuna masa ɗigon nan yana alfahari. Na ga ya tuna. Na faɗi sauran a tsaye: kwana biyu bayan jana'iza, da a-kori-kura, da maganar ɓarayi, da akwatin kayana, da takardar fili, da kafintocin da aka hana. Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru ba. Yaya ya ce kayan ƙaninsa ne, yana da iko. Ya sake faɗa, a hankali, sannan ya zauna.

Fasto ya so a yi sulhu. Ya ce Yaya ya sayi sabon katako daidai wanda ya ɗauka ya kai mini, magana ta ƙare.

Na ce, "Ba na son sabo. Wannan nake so."

Ya ce, "Mama, ai sai an farke masa falo ke nan."

Na ce, "E."

Ya ce in tuna mu masu bi ne. Na ce na tuna, shi ya sa na kawo maganar gabansu ban kai wani wuri ba. Sai mafi tsufa a dattawan ya ce mutumin da ya mutu da hannunsa ya shafa wa katakon nan mai, kuma matarsa ba ta nemi abin da ba nata ba. A cire a ba ta.

Asabar da ƙarfe takwas na safe na iso da kujerar roba da lema. Na kafa a tsakar gidansa daidai ƙofar falo. Yaransa na shago ba wanda ya zo, ban san ko shi ya hana su ba. Shi kaɗai ya hau. Silin kwali ba ya fita lafiya, yana ɓantarewa ne, ƙura da kashin ɓera suna zubo masa a fuska. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga. Matarsa ta lulluɓe kujeru da zannuwa, ta zo ta tsuguna kusa da ni.

Ta ce, "Maman yara, ko don 'ya'yan nan. A bar rabi mana."

Matar nan ba ta taɓa yi mini laifi ba, kuma na ji ta har cikin ƙirjina. Na ce, "Mama, nawa 'ya'yan sun yi bazara guda ƙarƙashin kwano. Naki manya ne, za su iya."

Ta tashi. Na zauna har la'asar. Duk katakon da Yaya ya sauko da shi sai ya fito ya ajiye a gabana, in juya shi da ƙafa in duba. Ban ci komai ba ranar, ban kuma ji yunwa ba. Da ya ajiye na ƙarshe, gashinsa fari fat da ƙura, ya tsaya a gefe. Na kira mai mota muka loda. Katakon duk ramin ƙusa ne, an guntule da yawa. Rumfar kicin na yi da shi, da kantoci a ɗakin yara.

Aka sauke shi daga kujerar dattawa na wani lokaci. Ɗakin karatun Lahadi kuwa mu mata bakwai muka buga shi cikin Asabar biyar, da waƙa da gardama. Daga nan aiki ya fara nemana: mai shagon ɗinki, mai kemis, wata da ta gina ɗakuna a bayan kasuwa. Ba zan ɓoye ba, idan na ji Yaya ya je ya auna wani wuri, sai in aika ƙanwata ta gaya wa mai wurin ya zo ya ga falona tukuna. Wasu sun zo. Ban bar koyarwa ba, Asabar da hutu nake yi, amma na ƙwace masa ayyuka da dama, kuma kowanne na san na wa ne kafin in karɓa.

Falonsa ya zauna a buɗe kusan shekara biyu. Aiki ya ja baya, yaran shago suka watse, sannan hawan jini ya kama shi, likita ya hana shi hawa sama saboda jiri. Sai babbar 'yarsa ta samu miji, aka sa ranar da dangin mijin za su zo gaisuwa. Matarsa ta zo Romi ta same ni. Ta ce sun sayi kaya, amma yana jin kunyar kiran waɗanda ya koya wa aiki su ga yadda ya koma.

Na ce, "Yarinyar 'yata ce, zan yi. Amma shi zai zo ya faɗa da bakinsa."

Ya ɗauki kwana tara. Ya zo da safe ya tsaya a bakin ƙofa, na ba shi kujera a waje. Ya yi maganar ruwan bana, ya yi maganar ƙafarsa, ya tambayi yara. Na bar shi ya gama kewaye-kewayensa. Daga ƙarshe ya kalli ƙasa ya ce, "Maman yara, ki taimaka ki buga mana silin nan." Ranar ce ta farko da bai ce mini matarmu ba.

Na ce zan zo, amma ƙanwata tana da kasuwa, ba ni da mai miƙo mini kaya. Ya ce zai nemo wani. Na ce a'a, shi nake so, ai ya san aikin.

Kwana huɗu muka yi. Ina kan tsani, yana ƙasa. In ce, "Yaya, ƙusa inci uku," ya miƙo. In ce, "Wannan ya yi ciki, sauya," ya sauya. Sau ɗaya ya ce da an fara ta wancan bangon, na dube shi kawai, ya koma ya riƙe tsanin. Aikin na yi shi da kyau, ban rage ko ƙusa ɗaya ba, don yarinyar da kuma don sunana ne a kai. A rana ta huɗu na sauko, na tattara kayana cikin buhu. Matarsa ta kawo shinkafa da kaza a kwanon baƙi. Na ce na gode, na ƙoshi. Yaya ya ɗauki buhun zai raka ni bakin titi, na bar shi ya ɗauka. Muka tsaya a rana muna jiran keke, har keken ya zo na hau.